Kwafi Ɗari Uku

Ranar da suka fara magana, 'Yar Kwafi tana durƙushe tana dukan injin kwafi da tafin hannu kamar shi ya yi mata laifi. Haka kowa ke kiranta a layin, don shekara biyar ke nan tana aiki a shagon buga takardu.

"Ba duka yake so ba," in ji wani daga bakin ƙofa. "Wayar soket ɗinki ce ta ƙone."

Ta ɗago. Dogo ne, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta san fuskar sarai. Mai gyaran wuta ne, ɗan Shugabar Mata ta cocinsu, wanda aka ɗora wa shirya sansanin matasa na dogon hutu. Shi a gaba yake zama ranar Lahadi. Ita kuwa bencin baya ne wurinta tun da ta haifi 'yarta ba aure. Horon da coci ya yi mata ya ƙare tuntuni, amma ba wanda ya tuna ya ce mata ta dawo gaba.

Minti goma ya gyara. Ƙwan shagon ya kama, hasken ya sauka a fuskarta, shi kuma ya tsaya da sukundireba a hannu ya manta abin da ya kawo shi.

"Injiniya, takardar hannunka fa?"

Fom ɗin sansani ne. Ta karanta ta girgiza kai.

"Za ku kwashi yaran mutane kwana huɗu, ba wurin rubuta lambar iyaye, ba wurin rubuta maganin da yaro ke sha. Idan mai asma ya shiƙe, wa za ku kira? Fasto?"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. A ƙarƙashin teburin wata 'yar mitsitsiya ta leƙo, da ɓatacciyar takarda a hannu. Ɗigo ke nan, 'yarta, shekara huɗu. Duk takardar da ta faɗi ƙasa sai ta ɗauka ta ɗora yatsa tana haɗa baƙaƙe, ba ta gane komai ba tukuna amma ba ta fasawa.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Fitila, kwamiti na zama ranar Laraba. In ba ki zo ba za mu kashe yaran mutane."

"Wace ce Fitila?"

"Wadda na gani da ƙwai ya kama."

Ta karanta sau biyar kafin ta rufe shago.

Wata biyu ta yi tana yi wa sansanin nan bauta. Makarantar kwana aka ara, tunda ɗalibai na hutu, kuma ita ta je ta ƙirga gadaje, ta gano famfon ɓangaren 'yan mata ba ya kawo ruwa. Ita ta raba yara ɗaki ɗaki, ta raba masu faɗa, ta haɗa masu jin kunya da masu surutu. Ita ta tsara wa zai zauna ina a mota. Kwamitin kuwa shayi suke sha suna cewa, "Yauwa, haka ma muka yi tunani."

Shi kuma kullum sai ya sami abin gyarawa a shagonta. Soket ɗaya ya gyara shi sau huɗu. Ɗigo ta fara kiransa Baban Wuta. Ran nan ya ce, "Fitilata, bayan sansani zan turo manya," ita kuwa ta juya baya tana jera takardu don kada ya ga hawayenta.

Labari ya kai kunnen Shugabar Mata. Da ƙafarta ta zo shagon, ta ƙi zama.

"Sannunku da zuwa, Mama."

"Ban haife ki ba." Ta dubi Ɗigo kamar an zubar da wani abu a ƙasa. "Wannan ce shaidar? Ki saurara, yarinya. Ɗana ba injin gyaran abin da wasu suka lalata ba ne. Coci ya yafe miki, wannan tsakaninki da coci. Gidana ba coci ba ne."

Akwai wadda ta riga ta zaɓa masa, Sakatariyar kwamiti, 'yar wani dattijon ikilisiya, mai murya kamar zuma da zuciya kamar ƙusa. Ita ce ta shigo shagon saura kwana tara a tafi, ta ajiye takardu huɗu a tebur.

"Tsarin sansani ne, 'yar'uwa. Kwafi ɗari uku. Shugabanmu ya sa hannu, kin gani."

Ga sa hannun Injiniya a shafin farko, ba shakka nasa ne. 'Yar Kwafi ta buɗe shafi na huɗu.

"Rana ta uku, ƙarfe huɗu na yamma. Shaida: Yadda Na Faɗi. Gargaɗi ga 'yan mata." A ƙasa ga sunanta cikakke har da na mahaifinta. A ƙasan wannan kuma an ƙara, "tare da 'yar da ta haifa," ga sunan Ɗigo na yanka ɓaro-ɓaro.

"Don amfanin yara ne," in ji Sakatariya tana murmushi. "Ai ba za ki hana Ubangiji ɗaukakarsa ba. Zan jira, don gobe Lahadi za a raba."

Me ya sa ta buga? Ni ma na tambayi kaina. Amma wanda aka zaunar a bencin baya shekara huɗu yakan fara yarda cewa nan ne wurinsa, kuma ga sa hannun mutumin da take so. Ta danna maɓalli. Injin da ya gyara mata ya yi ta tofo sunan 'yarta, ɗaya bayan ɗaya, takardun na fitowa da ɗumi. Ta tura Ɗigo waje da ƙafa don kada ta ɗauki ko ɗaya.

Sai bayan an raba ta tura masa saƙo.

"Na buga. Ɗari uku cif, ba wanda ya dushe. Da ni kaɗai ka sa da na haƙura. Me Ɗigo ta yi maka?"

Ya iso shagon ranar Litinin fuskarsa kamar wanda wuta ta ja.

"Ban karanta ba, Fitila. Ina kan tsani Sakatariya ta miƙo min, ta ce jadawalin abinci ne da wa'azi. Shafin farko kawai na gani."

"Ni na karanta maka fom ɗinka layi layi, don yaran wasu. Kai ba ka iya karanta shafi huɗu don tawa ba."

"Zan soke. Kada ki je."

"Ka soke me? Yana gidaje ɗari uku. Nan da shekara ɗaya za ta iya karatu, kuma ba ta ganin takarda ta wuce."

Ta ce ya tafi tana da aiki, ya tafi.

Ta je sansanin. Kwana biyu tana raba magani da gidan sauro, 'yan mata na nuna ta da baki, samari na ƙunshe dariya. Fasto ya kira ta gefe yana share gumi, ya ce shi ma bai lura da shafin ba sai a mota, za a sa waƙa a madadin. Ta ce a bar mata lokacinta.

Ƙarfe huɗu na rana ta uku, babban ɗakin cin abinci ya cika. Shugabar Mata na gaba, Sakatariya na gefenta. 'Yar Kwafi ta fito ita kaɗai, don ta bar Ɗigo wurin yayarta.

"An ce in faɗa muku yadda na faɗi. Kun riga kun sani, iyayenku sun faɗa muku. Abu ɗaya na zo roƙo. Akwai sunan yarinya 'yar shekara huɗu a shafi na huɗu. Ba ta yi wa kowa komai ba, kuma tana koyon karatu. Ni na buga takardun nan, na san yawansu. Ku dawo min da su."

Wani ya yi tari. Sakatariya ta ce a hankali, amma yadda za a ji, "Shaida aka ce, ba bara ba."

Sai Injiniya ya tashi. Ya juye kwalin sabulu a ƙasa, ya ɗauko kwalin, ya jefa tasa takardar a ciki.

"Sa hannuna ne a kai," ya ce. "Na ba da sunan matar da zan aura da na 'yata ba tare da na duba ba. In ana neman wanda ya faɗi, ga ni." Ya fara bin benci benci.

Wata yarinya mai asma ce ta fara sakawa, sannan sauran. Waɗanda suka bar tasu a gida, shi ya bi su gida gida bayan an dawo, mako uku yana yi. Sakatariya ta jefo masa tata ta taga. (Ta bar kwamitin, ba wanda ya roƙe ta ta zauna.) Ya kawo kwalin shago suka ƙirga tare. Ɗari biyu da casa'in da tara.

"Ta Mama ce," ya ce yana kallon ƙasa. "Ta ce ranar da na aure ki za ta ajiye wa yarinyar har ta iya karatu."

"To ka zaɓa."

"Na zaɓa tun ranar soket. Ke ce ban sani ba ko kin yafe."

"Ban gama ba, Injiniya. Amma na fara."

Shekara guda aka yi ana jan magana. Fasto ya je, kawunnan Injiniya sun je, Shugabar Mata ba ta ce e ba, sai dai ta daina cewa a'a. Katin bikin a injin nan aka buga shi, kuma Ɗigo ce ta karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe, ba gargada. Kowa ya tafa, uwarta kuwa ta tuna takarda ɗayan nan da ba ta dawo ba.

Ranar aure, bayan an fito daga coci, Shugabar Mata ta ratso mutane da farar ambulan a hannu. Amarya ta gane girman takardar tun daga nesa. Kafin ta miƙa hannu, Ɗigo ta riga ta, ta cafke ambulan ɗin tana murna.

"Ni zan karanta."

Ta ɓalle bakin. Yatsanta ya kai kan takardar.

Tsohuwar ce ta damƙe hannun yarinyar, da sauri har abin hannunta ya yi ƙara. Ta zare takardar ta danƙa wa amarya, ba ta dube ta ba.

"Ban ce na so ba," ta ce ƙasa ƙasa. "Da niyyar ba ta na zo. Na ga yatsan ne na kasa." Sannan ta ja Ɗigo jikinta. "Wannan ba taki ba ce. Zo ki karanta wa kakarki katin biki."

Amarya ta dunƙule takardar a tafin hannunta. Angonta ya sunkuyo.

"Nawa ke nan, Fitilata?"

"Ɗari uku," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Fasto ya ɗaga hannu ya sa musu albarka, su uku. Ubangiji ya zaunar da su lafiya, ya raya Ɗigo, ya sa duk abin da za ta karanta game da kanta ya zama alheri. Jama'a suka ce amin, har da tsohuwar, ko da yake tata ta zo a makare.