Ƙofar Da Ake Shiga A Sunkuye

A garinmu da ke yankin Bohemiya, ƙofar da ta haɗa tsohon gidan iyalan Vondrak da ofisoshin kamfanin giyarsu gajera ce da gangan. Maigidan farko ya so akawunsa su riƙa shigo masa a sunkuye. Ni aka ɗauka in ɗaga ta.

Da magariba ina tattara kayan aiki, sai warin dafaffen sha'ir ya cika ɗakin, alhali an kashe wutar tukwanen giyar tun kafin a haife ni. Wani tsoho mai tumbi na tsaye yana kallon ɓaraguzan.

"Kai magini, uban wa ya ce ka taɓa ƙofar nan?"

"Hukumar gari, baba. Wanda ya gina ta ai ƙaramin mutum ne. Sai da dutse ake rusuna masa!"

Ya ja tsaki. "Ɗan matsiyata, sai baki."

"Tafi gida ka kwanta, tsoho."

"Ina gida."

Na dubi ƙafafunsa. Sun nutse cikin sabon daɓe har idon sawu, suna tsaye kan tsohon daɓen da muka binne.

Na juya zan fita ta ƙofar da na ɗaga da hannuna, sai wani tafi mai sanyi ya danna ƙeyata ƙasa.