Gaɓar da Lamaro Ta Datse

Wata huɗu da auren Lamaro da Matovu, teburin cin abincinsu a unguwar Kawempe ya zama na kwamfuta. Matovu ne ya sayo mata tsohuwar laftof, ta sa manhajar haɗa kiɗa, ta duƙufa koyo. Da safe zai fita kantin maganinsa ya bar ta tana jera bugun ganga a kan layuka, da yamma ya tarar wake ya ƙone, gangar ma ba ta daidaita ba. Ba ya faɗa. Sai ya ɗaga murfin tukunya ya ce to, yau ma kiɗa za a ci.

Lamaro 'yar Gulu ce, can arewa, inda yarensu daban yake da na mijinta. Da Turanci suke hira da mijinta, abin da ta iya a yarensa na Luganda kuwa bai wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. Surukarta, Maama Nanteza, ba ta taɓa yi mata gori ba, amma ba ta saki jiki da ita ba, domin ta so ɗanta ya auri 'yar gida. Lamaro ta san haka, kullum tana neman ƙofar shiga zuciyar tsohuwar.

Ƙofar ta zo da bikin kwanjula, wato gabatar da ango ga iyayen amarya, na Nalubega, ƙanwar Matovu, a gidansu na garin Mityana. A wannan rana uwar amarya ba ta fitowa gaban dangin ango, a ɗaki take wuni. Ana saura mako guda Lamaro ta ji Maama tana ɓare matoke, ayabar dafawa, a madafa tana rera wata waƙa a hankali. Nalubega ta ce mata ai waƙar sa wa 'ya albarka ce. Sai dabara ta faɗo wa Lamaro: in uwa ba ta fito ba, muryarta ta fito. Ta naɗi waƙar a waya ba tare da ta nemi izini ba.

A gida ta ɗora muryar a kan kiɗa, ta ƙi zama. Wani guntun sauti ne ya leƙo gaban layin farko, kamar jan numfashi. Ta ja linzami ta datse shi, nan take komai ya zauna daram. Daɗi ya kashe ta, ta maimaita baitin sau goma sha shida. Ko Matovu ba ta sa wa ya ji ba, wai bazata za ta yi masa. Ɗanyen kai ke nan, sabon shiga ya ɗauka duk abin da bai hau layi ba shara ne.

Ranar biki rumfuna suka cika. Lokacin da amarya ta fito cikin gomesi, doguwar rigarsu ta gargajiya, ta durƙusa a tabarma, Lamaro ta yi wa mai sa kiɗa alama.

A Luganda, tokomawo shi ne kada ki dawo, komawo kuwa ki dawo. Wannan gaɓar to ɗin ce Lamaro ta datse. Abin da Maama ta rera shi ne, kada ki dawo mana da hawaye, 'yata. Abin da lasifika ta faɗa wa mutum ɗari uku, da muryar uwar amarya, shi ne, ki dawo mana da hawaye, 'yata. Sau biyar ta faɗa kafin a kashe. Gwaggonnin ango suka riƙe baki, Nalubega ta kifa kai ta fashe da kuka. Lamaro tana murmushi tana jiran tafi, sai da wata ta fassara mata a kunne murmushin ya gushe.

Matovu ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya miƙe ya ce shi ne ya yi wasa da kwamfutar matarsa, laifinsa ne. Masu magana da yawun ɓangarorin biyu suka yayyafa wa maganar ruwa, aka ƙarasa biki. Da yamma saƙo ya fito daga ɗaki cewa kada Matovu ya sake taka gidan.

Mako shida aka yi a haka. Duk Lahadi Matovu ya saba zuwa Mityana cin luwombon uwarsa, farfesun da take dafawa cikin ganyen ayaba, yanzu sai ya zauna a ƙofa yana kiran lambarta, tana ƙara har ta katse. Lamaro ta rufe laftof ta tura ƙarƙashin gado. Abinci ya daina ƙonewa, amma ita ba ta iya haɗiye shi. Kunya da nadama suka cinye ta, ta tsani kanta a kan shirun da ta yi a rumfa.

"Bari in je in faɗa mata," in ji ta wata Lahadi.

"Ni ɗanta ne, za ta huce," ya ce. "Ke kuwa in suka ji ke ce, cewa za su yi baƙuwa ta yi wa gidanmu baki da gangan. Su sa ni a gaba in sake ki. Ba zan iya ba, Lamaro."

"Uwarka fa ka rasa saboda ni."

Ya ce ta bar maganar. Amma ta ga ya juya yana goge ido da bayan hannu.

Kwana uku ta yi tana koyon jimla huɗu a wajen mai tumatir. Ranar Alhamis Matovu na fita ta hau mota sai Mityana. Ta tarar da Maama a bayan gida tana shanya wake. Ta durƙusa a ƙasa ta yi gaisuwa, sannan ta faɗi jimlolinta da karyayyiyar Luganda: ni na naɗa, ni na yanke, ban san kalmar ba, ɗanki bai taɓa ba. Daga nan kuka ya ƙwace mata.

Maama ta daɗe tana baza wake. Da ta yi magana, da Turancin da ba ta son yi ta yi.

"Matar ɗana, kin ɗauka ban sani ba? Yaron da ya sha Luganda tare da nono, ko a mafarki ba zai yanke wannan gaɓar ba. Wanda ba ya jin yaren ne kawai zai yi."

Lamaro ta ɗago.

"Kuskurenki na yafe tun a ɗakin da nake zaune. Abin da nake jira in gani shi ne ko za ki bar shi da kayanki a ka har abada. In da kin bar shi, da na san ba mata ya aura ba." Ta kakkaɓe hannuwanta. "Kin daɗe, yarinya. Mako shida wayata na ƙara ina kallon sunansa."

Ta ciro wayar daga ɗamararta ta miƙa mata. Ta ce ta kira shi da kanta, sannan Asabar su je gidan Nalubega, Lamaro ta maimaita maganar a gaban dangin ango. Waƙar kuma za ta sake rera mata, amma kafin ta taɓa komai ta tambayi ma'anar kowace kalma.

Kuskure na kowa ne, musamman mai koyo. Abin da ke rushe gida shi ne a bar masoyi yana shan dukan laifin da ba nasa ba. Gaskiya na da ɗaci, amma ita ta ba Lamaro uwa a Mityana.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya Matovu ya ɗauka. "Maama?"

"Ni ce," in ji Lamaro. "Ga ta nan kusa da ni. Ta ce ka zo da yunwarka."