Damben da Mahfuzu Ya Ƙi

Ranar kasuwar Buza, Mahfuzu yana bakin tukubarsa yana juya tsire, wata budurwa ta tsaya da tiren albasa a ka, ta zuba wa hannunsa na dama ido.

"Wanga hannu na yankan nama ne ko na dambe?"

"Duka biyu. Amma yau na miƙa miki tsire ne."

Ta yi dariya ta karɓa, ta aje masa albasa uku. Sai da ta ɓace cikin mutane aka gaya masa ko wace ce: Furera, ɗiyar Tsoho na Garhanga wanda ya yi zamaninsa a fagen dambe, ƙanwar Kalla. Da ya ji sunan Kalla, tsinke biyu suka ƙone bai sani ba.

Kalla ne ɗan damben da duk ƙasar Adar ke shakka. Kaka uku a jere ana kaɗa wa Mahfuzu takensa don ya fito masa, yana zaune kansa a sunkuye, shi da ya kayar da maza a Madawa da Keita. Har a rediyo an ce yana zaɓen abokan karawa. Ba wanda ya san cewa ranar da Mahfuzu ya kai karyayyen yatsansa asibitin mishan, yana bayan labule ya ji lokotoro yana gaya wa Kalla idonsa na hagu ya mutu, na dama kuma bugu ɗaya mai ƙarfi zai iya tafiya da shi. Kalla ya tare shi a bakin ƙofa, bai sake shi ba sai da ya rantse da Allah ba zai faɗa wa kowa ba.

Duk da haka soyayya ta kama su. Saƙonni suka yi ta kai da kawo.

"'Yar albasa, yau sau biyu na sa gishiri ga nama. Laihinki ne."

"Sarkin tukuba, bar ɗora mani. Ka dai ci abinci?"

Da baffanninsa suka kai goro Garhanga, Tsoho ya mayar musu da shi.

"Ban da abin hwaɗi bisa halinai," in ji shi. "Amma ɗiyata ba ta zama gidan wanda aka kaɗa ma take ya zamna. Ya shiga da Kalla ran damben kaka a Keita. Ya ka da shi ko a ka da shi, na ba shi. In ya ƙiya, ga Faruƙ mai kamiyon, babbar motar albasa, nan yana jira."

Furera ta zo tukuba idanunta jawur.

"Tsoro kake ji? Hwaɗa mani, wallahi ba ni rena ka."

"Ba tsoro ba ne, Furena."

"To mi ne ne?"

"Ba ni iya hwaɗi."

"Ko ni?"

"Ko ke."

Ta ɗauki tirenta ta tafi. Kwana goma yana rubutu ba amsa. Ya hau moto ya sami Kalla a gona yana ɗaure dammunan hatsi, ya roƙe shi ya sake shi daga rantsuwa.

"Tun ina shekara sha biyu Baba ke naɗa mani zare da hannunai," in ji Kalla. "In ya ji, shi zai riga ni makancewa. Ka shigo ka buga. Abin da Allah ya rubuta ba ya wucewa."

"Kuma in kalli Furera da wane ido?"

Kalla ya ci gaba da ɗaurin hatsinsa.

Mahfuzu ya juya zancen har ya daina cin abinci. In ya buga, ya makantar da wan Furera da hannunsa, yana sane. In ya zauna, Faruƙ ya ɗauke ta. Rantsuwa kuwa ba da Kalla kaɗai ya yi ta ba. Ana gobe dambe ya rubuta mata: "Gobe ina shiga. Ki yi mana addu'a, mu biyu."

Amsa ta zo: "Allah ya tsare mani ku."

Bayan la'asar fagen Keita ya cika. Tsoho ya naɗa wa ɗansa zare, ya koma gefe ya tsuguna. Aka kaɗa taken Mahfuzu, ya miƙe, fili ya ɗauki ihu.

Suka ja daga. Kalla ya kawo bugu, ya kauce. Sai Mahfuzu ya ware dunƙulensa ya kawo shi ta gefe, a hankali kamar mai miƙa kaya, ya tsayar da shi dab da kunnen Kalla na hagu. Kalla bai ƙifta ba, bai ɗaga hannun kariya ba. 'Yan kallo suka fashe da dariya.

"Buga mana, matsoraci!"

Bugun Kalla ya same shi a leɓe, jini ya zubo. Ya sake kawo hannun nan, ya sake tsayar da shi a wurin, wannan karon yana duban Tsoho.

Tsoho ya daina taunar goro. Shekara arba'in yana kallon dambe, bai taɓa ganin mai ido biyu ya bar dunƙule ya zauna masa a kunne ba. Ya tashi ya ratsa fage, ya kama hannun ɗansa, ya fara warware zaren da ya naɗa.

"Baba..."

"Yi shiru. Tun yaushe?"

"Kaka ukku."

Mutane suka yi ta sowa, wai tsoho ya ceci surukinsa daga kisa. Tsoho ya bar su a haka, domin gyara sunan Mahfuzu sai an tona na Kalla. Haka zancen ya zauna a Adar har yau.

Sati biyu bayan haka aka ɗaura aure a Garhanga. Kalla da bakinsa ya gaya wa Furera zancen idonsa da rantsuwar, ta yi kuka har ta gaji. Mahfuzu kuwa bai daina tambayar kansa ba ko hannu yana iya karya rantsuwar da baki ya riƙe. Ya tambaye ta, ta shafa tabon leɓensa.

"Ban sani ba, sarkin tukuba. Na dai san wana yana ganina."

Da za a kai amarya, Tsoho ya kira ango, ya sa masa zaren nan a tafin hannu, ya rufe da nasa.

"Duniya ba ta sanin abin da ka yi, ɗana. Ni na sani. Allah ya ba ku zaman lahiya, ya ba ku ɗiya masu riƙe hannunsu kamar ubansu."

Duk gidan aka ce amin, muryar Kalla ta fi ta kowa.