Ruwa a Gindin Tanki

Wata rana can da, wani direba ya ɗauko tumatir, sai motarsa ta yi tari ta mutu a bakin wani ƙauye. Ya duba batir, lafiya. Ya duba wayoyi, lafiya. Tumatir kuwa yana ta shan rana.

Wata tsohuwa mai man gyaɗa ta ce, "Ɗan nan, zuba man motarka a kwalba."

Direban ya haɗiye dariyarsa. "Iya, me za mu gani?"

"Zuba ka jira."

Ya zuba, ya jira. Sai ga ruwa kwance a ƙasa, dizal a sama.

Ta ce, "Haka man gyaɗana yake yi in ruwa ya shiga."

Ya kwance notin gindin tanki, ruwan ya tsiyaye. Mota ta tashi, ta nufi kasuwa, tsohuwa na zaune a gidan gaba.