Jirage Shida, Lamba Ɗaya

Da safiyar Litinin Alhaji Tahir ya ɗaga rufin ɗan garejin jiragen ƙasansa na wasa, ya tarar babu koren kan jirgin da ya fi so. Kafin azahar ya sa an kama Albertine, matar da ta shekara goma sha ɗaya tana share masa gida a unguwar Poumpoumré, don a cikin mutanen gidan, bayan shi da 'yarsa, ita kaɗai ke shiga ɗakin jiragen. Kwamishinan 'yan sanda ya ce in kayan bai fito ba zuwa safiyar Laraba a miƙa ta parke, gaban mai gabatar da ƙara. Daga can kuwa sai gidan yari.

Sufeto Kolo aka ɗora wa aikin. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya, gwiwa ta saka shi gaba, ga zafin Maris na Garoua. Shekara talatin yana bin ɓarayin shanu da na babura, yau an aike shi neman abin wasa. Bai ko yi musu ba, ya tsayar da mai moto, wato ɗan acaɓa.

A gidan Alhaji, tebur ɗaya ya cinye ɗakin: layin dogo, tasha, gada, har da 'yan bishiyoyi. Alhaji tsohon direban jirgin Ngaoundéré ne, kuma tunda jirgi ya ƙi zuwa Garoua, shi ya kawo nasa.

"Ba sata kaɗai ta yi ba, Shef," in ji Alhaji. "Ta lalata sauran da jiƙaƙƙen tsummanta. Duba."

Ya danna lamba goma sha biyu a na'urar tuƙi, shiru. Ya danna ashirin, shiru. Da ya danna uku, sai kawunan jirage shida suka zabura a tare, biyu suka yi karo a bakin gada.

Kolo ya nemi kujera ya zauna. "Wa ke ba su lambobin?"

Lailatu, 'yar Alhaji, ma'aikaciyar jinya ce da ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba. Ita ta amsa. A cikin kowane kan jirgi, ta ce, akwai wata 'yar na'ura kamar farcen babban yatsa, ana ce mata dekoda. Daga kwamfuta ake rubuta mata lambar da za ta amsa, da yadda jirgin zai tashi da yadda zai tsaya. Babanta kuma yana ɓoye shekarar haihuwarsa a cikin kowace, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniya alama.

"Tsumma yana canza lamba?"

"A'a, Shef. Sai an zauna a ordinatar, kwamfutar can, an ba da umarni. Uku ita ce lambar da dekoda ke fitowa da ita daga kamfani."

"Ordinatar ɗin tana tuna wanda ya taɓa ta?"

Ba ta tuna mutum, amma tana tuna lokaci. Lailatu ta buɗe. Ranar Lahadi, ƙarfe huɗu saura minti tara, wani ya ba da umarnin goge komai.

"Albertine tana zuwa Lahadi?"

Alhaji ya kawar da kai. "Ba ta zuwa. Amma ta san hanya."

"Wa ke nan a lokacin?"

Lahadi ce ranar da abokan wasansa biyu ke zuwa: Philippe, malamin lantarki a makarantar koyon sana'a, da Saleh, mai sayar da kayan gyaran babura a unguwar Djamboutou. A wannan lokacin Alhaji yana masallaci sallar la'asar. Kafin ya dawo an ɗauke wuta, aka rufe ɗaki, kowa ya kama gabansa.

Kolo ya shafa gwiwa. "In mutum jirgi ɗaya yake so ya goge, me ya kai shi goge shida?"

Lailatu ta nuna wani ɗan guntun layi a gefen tebur, da makunni a ƙarƙashinsa. A nan ake ɗora jirgin da za a rubuta wa. Sai an juya makunnin tukuna, ya raba guntun da babban layi. In aka manta, duk jirgin da ke kan tebur zai ji umarnin, ya ɗauka da shi ake.

"Kin taɓa mantawa?"

"A'a. Duk mako nake juya shi. Hannuna ma ya riga kaina zuwa wurin. Jiya kuma ina asibiti tun safe."

Kolo ya buga waya asibitin, aka tabbatar.

Philippe yana aji, sai da Kolo ya jira shi minti arba'in a inuwar dalbejiya. Shi ne bai je masallaci ba, don haka shi Kolo ya fara zargi.

"Ina kake ƙarfe huɗu saura?"

"Na fita shan taba a bakin titi. Alhaji ba ya son warin a gidansa."

"Wa ya gan ka?"

"Mai shagon kwana. Na sayi ruwan sanyi."

"Ka san makunnin da ke ƙarƙashin tebur?"

Philippe ya yi dariya ba ƙarfi. "Ni na haɗa shi, Shef. Shekara huɗu da suka wuce Alhaji ya yi irin wannan ɓarna, muka kwashe sati biyu muna gyara. Duk mai jirgi sama da ɗaya ya sha wannan wahalar sau ɗaya, ba ya sakewa."

Kolo ya ce, "Saleh jirgi nawa gare shi?"

"Ɗaya."

Mai shagon ya tuna Philippe. Limamin unguwa kuma ya tuna Saleh, don a raka'ar ƙarshe ya shigo sahu, ya ce alwala ce ta tsayar da shi.

Talata da hantsi Kolo ya isa Djamboutou. Saleh ya tarbe shi da fara'a, ya gaishe shi da Fulatanci. "Jam na, Shef?" Ya kai shi ɗakin bayan shago. A kan wani allon katako akwai layi zagaye ɗaya, da ɗan jan kan jirgi tilo, da tsohuwar kwamfuta.

"Nuna mini yadda kake canza masa lamba."

Saleh ya ji daɗi an tambaye shi. Ya zauna, ya danna sau uku, ya ce an gama.

"Ba ka juya komai ba."

"Me zan juya? Shi kaɗai ne a kan layi."

"Haka ne," in ji Kolo. "A gidan Alhaji su bakwai ne."

Fara'ar ta ɓace. Kolo ya ci gaba a hankali, don ba shi da ƙarfin faɗa. "Ka san Alhaji na ɓoye alamarsa a ciki, ka ce bari ka goge kafin ka fita da shi. Kana sauri, an tada salla. Hannunka ya yi abin da ya saba yi a nan. Philippe da Lailatu ba za su manta makunnin ba, Albertine kuwa ba ta san inda ake kunna ordinatar ba. Ina yake?"

Yana cikin kwalin batirin babur, an naɗe shi da tawul. Saleh ya ce shekara uku yana roƙon Alhaji ya sayar masa, Alhaji na yi masa dariya.

"Ka ji an kama matar?"

"Na ji."

"Tun jiya?"

Saleh ya sunkuyar da kai. Wannan ne ya fi ɓata wa Kolo rai, fiye da satar.

Bayan azahar aka fito da Albertine. Ta kwana a kan siminti, ƙafafunta sun kumbura. Alhaji yana tsaye a farfajiyar komisariya, ofishin 'yan sanda, rungume da jirginsa. Ya yi gyaran murya.

"Albertine, an yi kuskure. Ki huta yau, gobe kya zo."

Ta dube shi ba fushi a fuskarta, gajiya kawai.

"Patron, kun yi wa ordinatar tambaya, ta ba ku amsa. Ni babu wanda ya tambaye ni komai."

Alhaji ya ƙara rungume jirginsa.

"Ba zan zo gobe ba," ta ce. Ta juya wajen Kolo, ta yi masa godiya da Fulatanci. "Useko, Shef."

Kolo ya ce zai tsayar mata da mai moto, ta ce a'a. Ta fita a ƙafa, tana ɗingishi, ta bi gefen titi inda akwai inuwa.