Ranar da Auta Ta Ce Ba Ta Haihu Ba

"Ke Auta, ba ki ji ana sallama ba? Shigar da shi ɗaki mana!"

Umma ce ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana nuna ƙofa da haɓa. Auta ta suri ɗanta daga kan kafet ta shige uwar ɗaka, ta turo ƙofa. Ta saba. Duk ranar da ta kawo shi gidan mahaifiyarta haka ake yi in an yi baƙi.

An haifi yaron da tsagaggen leɓe, ganɗarsa ma, wato saman bakinsa ta ciki, a tsage take. Leɓen an ɗinke tun yana jariri, ya bar ɗan tabo, daga nan ne ma babansa ya laƙaba masa Soja. Ganɗar ce ta rage. In ya sha madara sai ta dawo ta hanci, ya ƙware, ya yi ta tari. Auta ba ta iya kallo. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran wutar lantarki da yake yi, shi ne ya koyi zaunar da shi a cinya yana ba shi a hankali. Ko yana tsakiyar aiki, lokacin abincin Soja na yi zai ajiye filaya ya taho gida.

Da baƙin suka tafi, Umma ta leƙo tare da Anti Babba, yayar Auta, wadda za ta aurar da 'yarta.

"An sa ranar bikin 'yar yayarki," in ji Umma. "Ke za ki yi wa amarya kwalliya, ba mu da wadda ta fi ki hannu."

Da Auta ta ji ranar, sai ta ce, "Umma, ai ran nan za a yi wa Soja tiyata!"

"To ke ce likitan?" Anti Babba ta karɓe. "Ubansa na nan. Kuma filis, Auta, kada dangin ango su ji wannan zancen. Sai su ce a jininmu yake, su fasa. Ki rufa mana asiri."

"Mu dai a danginmu babu wannan abu," Umma ta ƙara da cewa. "Daga can wajen dangin mijinki ya zo. Tun farko sai da na ce miki ki yi tunani."

Auta ta koma gida da maganar a bakinta. Injiniya na goge wa Soja hanci ta zube masa ita duka, har da batun jini.

"Likita a gabanki ya ce ba laifin kowa ba ne," ya ce. "Amma in ɗora mini zai sa ki samu sauƙi, na ɗauka. Bikin kuma ba zan hana ki ba. Ki dai sani zai farka yana neman fuskar da ya sani."

"Ai taka ya sani," ta ce, ta shige ɗaki.

Ranar tiyata da safe Injiniya ya saɓa Soja a kafaɗa, yaron na kukan yunwa don an hana ba shi komai. Ita kuma ta ɗauki akwatin kwalliya ta nufi gidan biki.

Ɗakin amarya cike yake da ƙamshin turare da shewar 'yanmata. Auta na ja wa amarya gira, idonta na kan waya. Sai ga ƙanwar mahaifin ango ta shigo, dattijuwa mai fara'a, ta tsaya tana yaba aikin.

"Kai, wannan hannu da kyau yake! 'Yata, 'ya'yanki nawa?"

Anti Babba ta zuba wa Auta ido ta cikin madubi. Umma ta yi gyaran murya.

"Ban... ban haihu ba tukuna," in ji Auta.

"Ayya! Allah ya kawo masu albarka."

"Amin," Umma ta amsa da ƙarfi.

A daidai nan wayar ta yi haske. Injiniya ne ya turo hoto: Soja cikin 'yar rigar asibiti da ta yi masa yawa, a hannun nas, yana miƙo hannu baya. Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi tun daga ka har tafin ƙafa. Ta ajiye burushin.

"Ina za ki? Ba ki gama ido ɗaya ba!" in ji Anti Babba.

Auta ba ta waiwayo ba.

Ta isa asibiti da leshi da ɗauri da takalmi mai tsini, kowa na kallonta. An riga an fito da shi. Yana kwance fuska a kumbure, busasshen jini a gefen baki, an ɗaure masa hannuwa da wasu 'yan sanduna masu laushi don kada ya lanƙwasa su ya kai yatsa baki. Kukansa a dishe yake fita.

Nas ta tare ta. "Baiwar Allah, masu dubiya sai yamma. Ke wace ce tasa?"

Da wane baki Auta za ta faɗa?

"Mahaifiyarsa ce, Sista," in ji Injiniya daga bakin gado. "Ita muke jira."

Ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, Soja ya banƙare, ya juya ya cusa kai a ƙirjin babansa. Nas ta kau da kai. Auta ta durƙushe a wurin, kwalliyarta na narkewa tana ɗiga a kan leshi.

"Na ce ban haihu ba," ta faɗa cikin shessheƙa. "An tambaye ni, yana cikin tiyata, na ce ban haihu ba!"

Injiniya ya rufe ido. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sai ya matsa gefe, ya bar mata wuri a bakin gadon.

"Wannan ta yi mini ciwo, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba yau za mu yi ta ba. Wanke hannu ki zo ki riƙe masa kofi."

Makonnin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Abinci sai mai ruwa-ruwa, a gefen baki, kada komai ya taɓa ɗinkin. Bayan kowane ci a ba shi ruwa ya wanke. Soja ya tofar, ya yi kuka, ya harba ƙafa ya zubar mata a jiki. Injiniya kuwa ya rage magana, gaisuwa ce kawai da batun magani. Wannan shirun ya fi mata faɗa zafi, amma ta san ita ta saya. Ta soke duk ayyukan kwalliyar da ta karɓa. Ranar da Soja ya yarda ya yi barci a kafaɗarta, ƙin motsi ta yi har hannunta ya sage.

Umma ta zo dubiya, ta tsaya daga bakin ƙofa tana mita: an kunyata su, an bar amarya da ido ɗaya a shafe sai da ƙawaye suka ƙarasa.

Auta ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta ce, "Umma, ki yafe mini, amma na kira ƙanwar mahaifin angon nan na faɗa mata gaskiya. Addu'a ta yi masa, ba abin da ya samu auren. Daga yau kuma duk gidan da za a shigar da ɗana ɗaki, ni ma ba zan zauna a falonsa ba."

Umma ta tako ta zauna. "Miƙo shi nan in ga ɗinkin," ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Injiniya na tsaye a bayan labule, ya ji komai. Da Umma ta tafi ya fito, ya ce, "Madam, yau ba a ba mutum abinci ne a gidan nan?" Rabon da ya kira ta haka tun kafin biki. Ta yi dariya hawaye na zuba.

Da suka koma asibiti likita ya haska fitila a bakin Soja, ya ce ɗinki ya kama. Ya tura su wajen mai koya wa yara magana, ya ce sai an yi haƙuri, amma yanzu iska ta daina gudu ta hanci, haruffan da suka gagare shi za su zo.

Sun zo kuwa. Wata safiya Injiniya na ɗaukar jakar aiki, Soja ya dafa kujera ya miƙe, ya haɗa leɓɓansa da ƙyar.

"Ba... ba!"

Jakar ta suɓuce. Auta ba ta ji kishi ba ko kaɗan, ta san wanda ya cancanta aka fara kira. Ta ɗaga yaron ta miƙa wa mijinta, shi kuma ya haɗa su duka biyu ya rungume.

Ciwon Soja likita ya ɗinke shi cikin safiya ɗaya. Na Auta kuwa haƙurin mijinta ne ya warkar. Abin kunya ba ya jikin ɗan da Allah ya ba mutum, yana wajen wanda ya ɓoye shi don tsoron bakin mutane.