Maraƙar Ƙaiƙayi

Yara, kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya yana cin raina. Karatuna bai yi nisa ba, amma bari in rubuta muku yadda zan iya.

A Gazara muke zaune. Saniyarmu ɗaya ce tak. Da nononta nake dama wa ƙaramin ɗana Huzaifa kunu, don tun da aka yaye shi ba ya karɓar komai sai shi.

Da saniyar ta haihu, maigidana Malam Ashafa ya ba babbar 'yarmu maraƙar. 'Yar fari ce, ba zan kama sunanta ba. Tana aji huɗu. In ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiyewa sai ta je ta shafa kan maraƙarta.

Bayan an yanke dawa, wani ruwa ya sauko a makare. Gyauro ya tsiro a gindin kara, kore shar. Yarinya ta ga maraƙarta a ɗaure tana tauna busasshiyar harawa, tausayi ya kama ta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kwance ta, ta ja ta gonar bayan gida.

Kowane babba a nan ya san ɗanyen gyauron dawa yana kashe dabba. Ita ba ta sani ba.

Kafin la'asar cikin maraƙar ya kumbura, tana ta haki. Muka kira maƙwabcinmu Baffa Usmanu, makiyayi ne. Ya ɗura mata man gyaɗa, ya yi iya yinsa. Daga baya ya girgiza kai, dole aka yanka ta.

"Baba, ni na kai ta," in ji yarinyar. "Na ga kamar tana jin yunwa."

Malam bai ɗaga mata hannu ba. Ya ce, "Tausayinki mai kyau ne. Amma abin da ba ki sani ba, ki riƙa tambayar manya kafin ki yi."

Washegari saniya ta hana nono. Ba ta sakinsa sai ta ga 'yarta. Huzaifa ya yini yana kuka. Sai Baffa ya ɗinke fatar maraƙar, ya cusa mata ƙaiƙayi, ya barbaɗa gishiri a bayanta, ya tsayar da ita a gaban uwar. Saniya ta sansana, ta shiga lasa, nono ya dawo.

To, nan damuwata take. Kullum da safe 'yata sai ta ga wannan fata a tsaye. Ta daina cin abinci sosai, duk ta rame. Malama Juwairiyya, malamar ajinsu, ta zo har gida ta ce yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji.

Darasin kam ta koya. Yanzu ko akuya za ta ba ruwa sai ta tambaye ni.

Jiya ina tatsa, ta tsaya a bayana. Can ta ce, "Inna, har yanzu uwar ba ta gane ba, ko?"

Na ce gobe zan sa a ɗauke fatar.

"A'a, Inna. Huzaifa zai sha me?"

In na bar fatar, babba tana ƙarewa a gabana. In na ɗauke, ƙarami ya rasa kununsa. Yara, ku da kuke sa'anninta, kun fi ni sanin zuciyarta. Ku faɗa mini, yaya zan yi?